Ƙashin Da Ya Ga Wuta

Ran nan muna zaune a tsakar gida ana cin shinkafa da soyayyar kaza, sai na ga hannun jikata ya sauka a hankali daga bakin faranti ya nufi ƙarƙashin kujera. Idonta yana kan fuskata, tana ta murmushi kamar mutuniyar kirki, hannun kuwa yana can yana aikinsa. Shekararta tara, daga Kano aka kawo mini ita hutu nan Karaye, ita da wata farar kyanwa da take yawo da ita a kwando mai murfi. Har da jakar abincin kyanwar aka zo, wasu busassun ƙwayoyi masu kama da kashin awaki, wai a kanti ake sayensu. Kyanwar tana ci dai, amma cin wanda bai da yadda zai yi. To ita ce a ƙarƙashin kujerar, abin da ke hannun yarinyar kuma ƙashin cinyar kaza ne. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunta ba, ni da gwiwa ba ta barina in miƙe sai da dabara. Ta tsorata, ni ma na tsorata, domin hannun nan na san shi. Ni ma na taɓa yin irinsa.

A wani ɗan ƙauye na tashi ta wajen Beli, a ƙasar Rogo, gidaje kaɗan, kowanne da dangarsa ta kara da rumbunansa. Abin da ke tashinmu da safe ba ƙarar babur ba ce, lugude ne, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, sai kukan zabi daga kan tsamiya, sai guga tana dukan bakin rijiya. Kafin rana ta ɗaga na share tsakar gida, na kai wa awaki dusa, na wanke kwanukan jiya da toka da soso. Bayan gidanmu gonar gyaɗa ce, bayanta ta dawa, daga nan sai daji, dajin gaske mai zomo da gafiya da fakara, da birai marasa kunya waɗanda za su tone maka gyaɗa kana tsaye kana kallo. Bara da na je gaisuwar mutuwa na nemi dajin nan na rasa. Gona ta haɗe da gona har iyakar ganin ido. Na tambayi yaran da na tarar a bakin rijiya ko sun taɓa ganin biri, suka ce sosai ma, a waya.

Saboda biran nan kakana yake da kare. Baba Tsoho muke ce masa, shi ya haifi babanmu, manomi ne da damina, mafarauci da rani. Ni amaryarsa ce, da haka yake kirana tun ban iya tafiya ba. Ya ce, "Amarya, yau ma ba ki yi mini tuwo ba? Wallahi zan sake ki." Ni kuma in murguɗa baki in ce, "Dā ma wa zai zauna da mai haƙori uku?" Ya yi ta dariya har sai tari ya tsayar da shi. Karen baƙi ne wuluk da ɗan fari a ƙirji, sunansa Duna, kuma iyakarsa zaure. Mutanenmu ba sa wasa da yawun kare. In ya lashi ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, in ya taɓa tufa ba a salla da ita sai an ɗauraye. Baba Tsoho bai taɓa musa wannan ba, kaskon Duna daban yake a gindin tsamiyar ƙofar gida. Amma yakan ce Wanda ya halicci mai salla Shi ya halicci mai gadin gyaɗarsa, kuma duk dabbar da ka ajiye za a tambaye ka a kanta.

Ban ga likitan dabbobi ba sai da na girma. Likitan Duna shi ne Baba Tsoho. Da hantsi yakan zauna a kan buzu, ya kwantar da karen a gabansa, ya bi kunne da wuya da tsakanin yatsu yana cire kaska yana jefawa a garwashi, kowacce ta yi ɗas, ni kuma ina daga gefe ina ƙirgawa. In ƙuma ta dame shi a dafa ganyen darbejiya, ruwan ya huce a wanke shi da shi a bar shi a rana. Da bazara, lokacin da ƙuda ke cin bakin kunnuwansa, man kaɗe ake shafa masa. In muka ga yana cin ciyawa yana amai muka ruga muka faɗa, sai Baba Tsoho ya ce mu ƙyale shi, ya fi mu sanin bokansa. Yanzu kuwa karnukan da nake gani a bakin kasuwa ba su da mai duba kunnensu, sai mai jifa. Waɗanda ake ji da su kuma suna can birni a bayan katanga, sun yi ƙiba, ba su san ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari ba.

Abincin Duna ɗanye ne, a nan dokar tsohon take, kuma ba ta da sassauci. In suka fita farauta ya yi bisimilla ya sake shi, Duna zai kamo zomo ya riƙe, yana rawar jiki don yunwa, amma ba zai ci ko tsoka ɗaya ba. Baba Tsoho ya ce karen da ya ci abin da ya kama, kansa ya yi wa farauta, ba kai ba. Sai an yanka an feɗe, sannan a miƙa masa kayan ciki da ɗuminsu, da kai da ƙafafu. A gida kuma ragowar tuwo da tsala, tuwon da bai taɓa miya ba, don yaji da albasa ba nasa ba ne. Wani lokaci a fasa masa ƙwan zabo har da ɓawon. Ran kasuwa a taho masa da ɗanyen ƙashi mai ɓargo daga wajen mahauta, ya kwana biyu yana fama da shi. Amma dafaffen ƙashi, ko soyayye, ko gasasshe, duk ranar da aka ci nama a gidan sai an tattara shi a ƙoƙo, Baba Tsoho ya kai rami ya binne ya ɗora dutse. "Ƙashin da ya ga wuta ya fita daga rabon kare." Iyakar abin da yake cewa ke nan. Manyan dā ba sa yi wa yaro bayani, doka ce, ka bi ko ka sha. Ni kuwa a raina rowa na ɗauke ta. Mu muna ci da mai da gishiri muna lasar yatsu, shi da ya sha ƙaya ya kamo naman, sai a jefa masa mai sanyi a ƙasa. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ina son karen nan, ba zan ɓoye ba. In aka aike ni gona yana gabana, in na zauna ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Inna kuwa, mahaifiyata, ba abin da ta tsana kamar ta gan ni da shi. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗar sunana, sai dai "ke yarinyar nan". Ta yi faɗa, ta yi duka, ta wanke ni da sabulun salo har fatata ta yi zafi, a banza. A lokacin akwai Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke aure a Karaye, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta daɗe tana roƙon a ba ta ni riƙo, Baba Tsoho ne yake hanawa, wai amaryarsa ba ta zuwa ko'ina. Wata rana Inna ta kama ni ina ba Duna fura a tafin hannuna. Ta ja ni har gaban tsohon ta durƙusa.

"Baba, ka yi mini aikin gafara, yarinyar nan ta fi ƙarfina. In aka ƙara kama ta tana ba karen nan wani abu da hannunta, a bar Gwaggonta ta ɗauke ta."

Ya dube ni yana murmushi. "Kin ji ko, Amarya? To na yarda. Amma amaryata ba za ta ƙara ba."

Da dariya ya faɗa, amma a gaban surukarsa ya faɗa, kuma duk gidan an ji.

Sai ga Babbar Salla. Ranar da aka yanka raguna, Duna ya sami rabonsa, saifa da maƙogwaro da 'yan tarkacen da wuƙa ta bari. Washegari aka ɗora tukwane ana suya, ƙanshi ya cika ƙauyen har ba ka jin yunwa. Aka ba kowane yaro nasa a hannu, ni na sami guntun haƙarƙari mai kitse, ya soyu ya yi ja. Na leƙa ta zaure na ga Duna kwance a gindin tsamiya, hancinsa yana motsi, bai ko matso ba, ya san iyakarsa. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina yau Salla ce, shi ma ya san an yi. Na ƙulle naman a bakin zanena, na fita kamar za ni zubar da shara, na ajiye masa. Ya dube ni, ya dubi naman, kamar bai yarda ba. Na ji ƙaras ƙaras a bakinsa, na koma gida da farin ciki kamar na ciyar da masallaci guda.

Da gari ya waye Duna ya zama wani abu daban. Yawu yana zuba daga bakinsa kamar igiya, yana goga fuska a ƙasa, yana kai ƙafa baki yana ƙugi. Aka ajiye masa ruwa, ya matso da sauri, ya sa baki, ya ja da baya yana wani irin kuka. Ƙanen babanmu ya matsa kusa, ya yi masa gurnani, abin da bai taɓa yi wa ɗan gida ba. Nan da nan magana ta zagaye ƙauyen: karen Baba Tsoho ya haukace. Kada ku ga laifin mutanen. Shekarar da ta wuce mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a ƙauyen da ke gaba da mu, sa'ata ce, kuma irin mutuwar da aka ce ta yi ba na son maimaitawa. Mata suka kwashe 'ya'yansu suka shige ɗaki. Samari suka fito da gora. Baba Tsoho ya jefa wa Duna igiya daga nesa ya ɗaure shi a jikin tsamiya, sannan ya shigo tsakar gida ya tara mu.

"Akwai wanda ya ba shi wani abu jiya?"

Kowa ya ce a'a. Ni ma na girgiza kai. Bai ko dube ni ba, don bai zaci haka daga gare ni ba, wannan kuma ya fi duka ciwo.

Da hantsi mai unguwa ya zo da mutum uku. Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa, an yi Salla lafiya, ya iyali, ya gajiyar hidima, kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya ce, "Baba, kai ne ubanmu a garin nan, ba mu isa mu koya maka kare ba. Amma ga yara."

Tsohon ya daɗe yana kallon Duna. "Idonsa bai sake ba," in ji shi. "Na ga mahaukacin kare, ba haka yake kallon mutum ba. Amma ba zan sa 'ya'yan mutane a caca don idon kare ba. Ku ba ni zuwa la'asar. In bai warware ba, kada wanda ya ɗaga masa gora. Ni na raine shi, ni zan yi da hannuna."

Wunin nan ban san yadda zan kwatanta shi ba. Na ɗebo ruwa, na yi wanke-wanke, na goya ƙanwata, duk ina jin kukan Duna ta bayan danga. Ban tabbata naman ne ya jawo ba, da wannan nake rarrashin kaina. In ce wataƙila haukan ne da gaske, in na yi magana na kai kaina Karaye a banza. In kuma tuna ƙaras ƙaras ɗin nan, in san ruɗin kaina nake yi. Ina tsoron rabuwa da Inna, da ƙanwata, da ɗakin da aka haife ni. Aka ba ni nama da rana na kasa ci. Inna ta dube ni ta gefen ido.

Bayan azahar Baba Tsoho ya shiga ɗaki ya fito da bindigarsa harba-ka-ruga. Ya zauna a bakin zaure yana ɗura albarushi a hankali. Ina tsaye a bayansa. Duna ya ɗaga kai ya ga bindigar, sai ya miƙe, da yawun da komai, ya kama kaɗa wutsiya yana jan igiya. Shi a ganinsa farauta za su.

Ban san na buɗe baki ba. "Baba Tsoho, ni ce."

Ya juyo. Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida da ƙwarya a hannu.

"Ke ce me, Amarya?"

"Ni na ba shi naman suya jiya. Haƙarƙari."

"Da ƙashinsa?"

"Da ƙashinsa."

Ya jingine bindigar a bango. "Alhamdu lillahi," in ji shi, sau uku. Ya miƙe tsaye. Ya aika aka aro awartaki daga maƙera, ya naɗe hannuwansa da tsohuwar fata, mutum biyu suka rufe Duna da buhu suka danne, aka gitta masa itace a baki. Ga shi nan kuwa, guntun ƙashi bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya gicciye a saman baki tsakanin turamen haƙora, dasashi ya kumbura ya kusa rufe shi. Da aka fizge shi Duna ya yi ƙara ɗaya. Aka sake shi, ya tafi kaskonsa ya shanye ruwan tas, aka ƙara, ya shanye. Mai unguwa ya ce duk da haka a bar shi a ɗaure kwana goma a gani, Baba Tsoho ya ce gaskiyarka. Yau in na ba da labarin nan nakan ƙara da cewa kada wanda ya kwaikwayi tsohon. Kare mai dalalar yawu ba a sa masa hannu a baki, yanzu akwai allura, akwai masu aikin. Shi ba shi da kowa sai idonsa da maganar jikarsa.

Da yamma ya kira ni gindin tsamiya. Ya ajiye ƙashi biyu a kan dutse, ɗanye da soyayye. Ya bugi ɗanyen, ya dagargaje, laushi-laushi da ɓargo. Ya bugi soyayyen, ya tsage ya watse, kowane guntu da tsini kamar allura. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. Wannan ne bayani ɗaya tak da ya taɓa yi mini a rayuwarsa. Muna nan Inna ta fito ta durƙusa daga nesa.

"Baba, maganar da aka yi."

"Na sani. Magana zarar bunu ce." Ya dubi Duna. "Amma mai jinya ba ta tafiya ta bar majinyaci. A ba ta kwana goman nan."

Kwana goman nan su ne mafi daɗi da mafi ɗaci a ƙuruciyata. Shi yana wanke wa Duna baki da ruwan gishiri mai ɗumi da tsumma a kan tsinke, ni ina daka ɗanyar hanta a ƙaramin turmi, in kaɗa ƙwai da nono da ɗan zuma in zuba a kasko. Kowace safiya in na fito sai in tarar da ƙoƙon nono a bakin zaure, kusa da shi ruwa da sabulun salo. Ban taɓa ganin mai ajiyewa ba, amma na san ƙoƙon Inna. Sai da na haihu na gane ba ƙin kare ne ya dame ta ba. Yarinyar can da ta rasu ce take gani duk lokacin da ta hango ni a gindin tsamiya.

Ran kasuwar Karaye aka ɗora ni a jaki da ƙullin kayana. Duna, an kwance shi ran nan, ya bi mu har bakin rafi, Baba Tsoho yana biye da sandarsa. A nan ya kira shi ya tsaya. Ya ɗaga murya ya ce, "To, Amarya ta yi yaji. Sai na zo biko." Na so in ce masa mai haƙori uku, kuka ya hana ni. A Karaye na girma, Gwaggo ta riƙe ni da amana, Allah ya jiƙanta, a nan na yi aure, a nan na tsufa. Ƙauyenmu ya zama wurin zuwa da Salla. Ƙanwata ta tashi ba ta san ni sosai ba, Inna ta tsufa ba a gabana ba, wannan rashi ne kuma har yau ina jin sa. Amma duk zuwan da na yi, tun daga bakin rafi Duna yake tarye ni, har sai da bakinsa ya yi furfura. Ban taɓa nadamar maganar da na yi ba. Girgiza kan nan na safe, shi nake nema wa gafara.

Duk wannan ya wuce ta raina ina riƙe da hannun jikata, ita kuma ido ya cika da ƙwalla.

"Kaka, tausayi take ba ni. Mu muna cin kaza, ita kullum ƙwayoyin nan."

"Na sani," na ce. "Ɗauko mini dutsen can."

Na fasa ƙashin a gabanta, na ɗora mata tsinin a tafin hannu. Sannan na dafa kafaɗarta muka shiga madafa, na yanko mata ɗan guntun hantar kaza da ba a kai ga soyawa ba. Ta ajiye a murfin kwano. Kyanwar ta shinshina, ta kama ci tana wani gurnani da ba mu taɓa jin ta yi ba. Yarinyar ta tsuguna tana kallo, bakinta a buɗe.

"Kaka, wa ya koya miki?"

"Wani miji da na yi," na ce, "mai haƙori uku."

Ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Ni kuma na juya na kama gyaran murhun da ba abin da ya same shi.